Haɗa Ƙaramar Motar Wasa a kan Shasin Beetle da Gwada Ta a Girei

Motar haɗin hannu ita ce wadda mutum ɗaya ko wasu 'yan tsiraru suka gina a gareji, ta hanyar ɗauko inji da giya da ƙafafu daga wata tsohuwar mota, wadda za a kira ta uwa a cikin wannan bayani, su ɗora su a kan sabon firam, ko kuma su bar su a kan shasinsu na asali su lulluɓe da sabon bodi mara nauyi. Sana'ar ta yi ƙarfi a Ingila tun daga 1957, lokacin da Colin Chapman ya fitar da Lotus Seven yana sayar da ita gunduwa-gunduwa, saboda harajin da ake ɗora wa cikakkiyar mota a wancan zamani bai shafi kayan da mai saye zai haɗa da kansa ba, kuma kamfanin Caterham da ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 bai daina yin ta ba har yau. A Amurka kuwa, wani maƙerin jiragen ruwa a Kalifoniya mai suna Bruce Meyers ya fito da Meyers Manx a 1964, wata ƙaramar mota buɗaɗɗiya ta hawa rairayi da ke amfani da inji da ƙafafun Volkswagen Beetle. Akwai kuma reshe na uku, wato kwaikwayon tsofaffin motoci masu tsada irin su AC Cobra ta 1962 da Porsche 356, wanda ya yi nisa a Afirka ta Kudu, inda ake ƙera kwaikwayon Cobra a Port Elizabeth ana fitarwa ƙasashen waje.

Ga mazaunin Girei ko Jimeta ko Yola, hanyar Beetle ce ta fi dacewa da yanayi da aljihu da kuma irin kanikawan da ke kusa. Shigo da kayan haɗi daga Turai yana cin kuɗin waje da na kwastan da suka fi ƙarfin yawancin masu wannan sha'awa, sannan mota irin Seven tana bukatar firam na siraran bututu masu kaurin da bai kai milimita 2 ba, waɗanda walda ta wutar lantarki da aka saba da ita a bakin titi ke hudawa maimakon ta haɗa su, ga kuma ƙasanta da ke kusa da taɓa ƙasa, wanda ba zai jure hanyoyin ƙauye ba. Beetle kuwa an haɗa ta a nan Najeriya, a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas tun daga 1975, kuma an ƙera fiye da miliyan 21 a duniya kafin a rufe layinta na ƙarshe a Puebla ta Meziko a 2003, saboda haka har yanzu ana cin karo da gawarta a bayan gidaje da garejoji, ana kuma iya neman kayanta a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda aka gina ta: bodinta ɗaure yake da notuna a kan wani faffaɗan faranti na ƙarfe mai doro a tsakiya, wanda shi ne shasi, kuma idan aka kwance notunan aka ɗage bodin, inji da giya da birki da akwatin sitiyari duk suna nan a wurarensu.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen uwa, kuma a nan ne mai gini ya kamata ya fi ba da lokacinsa. Doron tsakiyar shasi, wanda yake kamar ƙashin baya ga motar, shi ake fara dubawa, domin idan tsatsa ta ci shi ko ya lanƙwashe sakamakon haɗari, babu gyaran da zai mayar da motar ta miƙe a kan hanya. Farantan ƙasa na dama da hagu ana iya yanke su a sauya, musamman wurin da batir ke zama a ƙarƙashin kujerar baya, inda ruwan batir ke cinye ƙarfe, don haka ruɓewarsu ba dalilin fasa ciniki ba ce, dalilin rage farashi ce. A kan wannan doro, a ƙarƙashin kujerar baya, aka buga lambar shasi, kuma wajibi ne a gwada ta da wadda ke cikin takardun mota kafin a biya ko kwabo, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu. Akwai wata matsala ta musamman ga garuruwan bakin Binuwai: ambaliya, irin ta 2012 da ta 2022, wadda sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ke ƙara wa ƙarfi, ta shanye motoci da yawa da ke ajiye a unguwannin kwari. Motar da ta kwana cikin ruwa takan ɓoye laka a cikin doron shasi da cikin gangunan birki, man giyarta kuma yakan koma fari-fari kamar an zuba masa madara, kuma irin wannan sai an wargaza ta gaba ɗaya kafin a amince da ita.

Bayan an kawo uwa gareji an ɗage bodi, sai tambayar ko za a rage tsawon shasi. Ainihin tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya milimita 2,400 ce, kuma masu bin tsarin Meyers sukan yanke kimanin santimita 36 daga bayan kujerun gaba su sake haɗawa, abin da ke sa motar ta riƙa juyawa da sauri. Sai dai wannan yanka yana jawo rage sandar sauya giya, da wayar kuloci, da ta totur, da wayoyin birkin hannu, da bututun mai da na birki, kuma kuskuren 'yan milimita a wajen haɗawa yana barin mota tana tafiya a karkace har ƙarshen rayuwarta. Shawarar da ta fi dacewa ga mai gini na farko ita ce ya bar shasin a tsawonsa, ko dai ya ɗora masa buɗaɗɗen bodi mai kujera huɗu, ko ya bi salon da ake kira Baja, wanda ya samo suna daga tseren hamada na yankin Baja Kalifoniya, inda ake barin bodin asali a yanke hanci da wutsiya da fikafikan taya domin a rage nauyi a kuma samar wa manyan tayoyi wuri. Wanda ya nace sai ya yanke, to ya kafa shasin a kan daɓen siminti da aka daidaita, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu har ma'aunin ya yi daidai cikin milimita 3, ya ɗiɗɗiga walda nan da can ya sake aunawa, sannan ya cika waldar kaɗan-kaɗan yana sauya gefe, saboda zafi yana jan ƙarfe zuwa wajen da aka fi ƙonawa.

Bodin asali yana ba shasi ƙarfi mai yawa, saboda haka cire shi yana wajabta a mayar da wannan ƙarfi ta wata hanya, kuma hanyar ita ce kejin kariya, wato bakan bututun ƙarfe da ke tashi daga shasi ya bi ta saman kan direba, da tokare biyu da ke komawa baya da ɗaya da ke ratsawa a karkace. Ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta tanadi bututun ƙarfe mara ɗinki mai faɗin milimita 45 da kaurin milimita 2.5, ko mai faɗin 50 da kaurin 2, ga babban bakan, kuma ana so a sami tazarar aƙalla santimita 5 tsakanin saman hular kwanon direba da saman bakan. Bututun famfo da aka shafe da sinadarin zinki bai cancanci wannan aiki ba ko kaɗan, domin yana da ɗinki da kan tsage idan aka matse shi, hayaƙin waldarsa kuma yana cutar da huhun mai walda. Haka nan ba a lanƙwasa bututun keji da wuta ko a yanka shi a haɗa kusurwa, da injin lanƙwasa ake yi, kuma ƙafar kowane bututu tana sauka ne a kan farantin ƙarfe mai kauri da aka haɗa da shasi, domin kada ta huda siririn farantin ƙasa a ranar da motar ta kife. Mai waldar ƙofa da taga yana iya zama gwani a fagensa, amma wannan aiki na wanda ya saba da shasin manyan motoci ne, kuma ya dace a yi shi da janareta mai ƙarfi maimakon wutar da ke hawa da sauka.

Birki yana gaba da inji a jerin ayyuka, ko da yake zuciyar matashi inji take so. Tsofaffin Beetle suna da birkin ganga a ƙafafu huɗu, kuma na farko-farko suna da layin mai guda ɗaya, wanda ke nufin tiyo ɗaya idan ya fashe birkin duka ya tafi. Saboda haka ana sauya babban famfon birki da mai layi biyu, a sauya tiyoyin roba huɗu ko da sun yi kyau a ido, domin daga ciki suke kumbura. Man birki mai alamar DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230 idan sabo ne, amma yana shan danshin iska, kuma idan ya sha sosai yakan tafasa a wajen digiri 155, inda feda ke nutsewa ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba. Don haka ana zubar da shi a sa sabo bayan kowace damina, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Babban notin da ke riƙe gangar baya yana bukatar ɗauri na kimanin nitan-mita 300, wato kwatankwacin rataya kilogiram 30 a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya, sannan a kulle shi da sabon fil.

Game da ƙafafun baya akwai abin da ya kamata kowane mai gini ya fahimta. A yawancin tsofaffin Beetle, sandar da ke kai ƙarfi ga tayar baya tana da gaɓa ɗaya ce kawai a jikin giya, saboda haka idan bayan motar ya ɗagu sai tayoyin su karkata su shige ƙarƙashinta. Cire nauyin bodi yana ɗaga bayan da kansa, kuma wanda ya ƙara murɗa sandunan sifirin domin motar ta yi tsayi ta burge masu kallo ya gina abin da zai kife a kwanar farko mai tsanani. Ana daidaita sandunan ne har tayoyin baya su tsaya a miƙe, ko samansu ya ɗan karkata ciki, a lokacin da direba ke zaune.

Injin Beetle yana baya, yana da silinda huɗu a kwance, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. Mafi girmansa da aka saba gani, mai cin siisii 1,584, yana ba da ƙarfin doki kusan 50, wanda ya wadatar ƙwarai ga motar da aka sauke wa nauyi. Babban abokin gābarsa a kwarin Binuwai shi ne zafi, domin a Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Yola yakan haura digiri 40, kuma injin da ke shan iska mai wannan zafi ba shi da rarar da za a yi wasa da ita. Kwanukan da suka kewaye silinda su ne ke karkatar da iskar fanka zuwa inda ake bukatarta, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne kanikawa su cire wasu su yar, suna ganin kwalliya ce. Kowane ɗaya sai ya koma mazauninsa. Fanbel, wanda shi ke juya fanka, ana ɗaure shi har ya riƙa lotsawa kimanin santimita ɗaya idan aka danna da yatsa, kuma jar fitilar caji idan ta kama a tsakiyar tafiya ana tsayawa nan take, domin tana iya nufin bel ya tsinke, inji kuma yana ƙonewa cikin 'yan mintuna. Tazarar bawul milimita 0.15 ce, ana saita ta da safe inji na sanyi. Baƙin man da yake ɗauka lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba shi da matatar mai sai wata 'yar rariya, saboda haka ana juye shi kafin a kai kilomita 5,000, a ƙara yawan juyewa a lokacin hunturu, a kuma ɗaura agogon da ke nuna zafin mai domin a huta idan ya doshi digiri 120. Tsohuwar matatar iska mai kwanon mai a ƙasa ta fi ƙananan matatu masu ƙyalli kama ƙurar Disamba da Janairu, kuma barinta a wurinta hikima ce.

Gobara ita ce ajalin Beetle da yawa, kuma kusan kullum daga tiyon fetur take tashi, ko dai ya tsufa ya tsage, ko kuma bututun tagullar da ke shiga kafireto ya zame, fetur ya zubo a kan distirbuta. Ana sa sabon tiyo da maɗauri a kowane baki, a ajiye matatar fetur a waje da ɗakin inji, a ɗaure abin kashe gobara inda hannun direba zai kai yana ɗaure da bel, mai rewaya kuma ya sa babban makunni guda da ke yanke wutar batir gaba ɗaya. Jikin injin yana da sinadarin maganiziyom, wanda idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, don haka ana so a shawo kan wutar tun tana ƙarama. Fetur na jarka da ake saye a bakin titi yakan zo da ruwa ko gauraye, kuma irin wannan gurɓataccen mai a inji mai zafi yana jawo ƙwanƙwasar da ke huda fistin.

Bodi shi ne abin da jama'a ke gani, amma shi ne mafi sauƙin al'amari. Ana iya yin sa da kwanon alminiyom a kan siririn firam, ko da zaren gilashi da ƙaro, inda ake sassaƙa siffar da katako da soso, a shafe ta da kakin da ke hana mannewa, sannan a shimfiɗa tabarmar zaren ana jiƙa ta da ƙaron da aka ɗiga wa sinadarin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A zafin Jimeta ƙaron yakan daskare kafin a gama shafawa, saboda haka ana kwaɓa kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa mai iska. Wanda ya kwaikwayi siffar Porsche ko wata mota mai suna ya bayyana gaskiyar abin da ke ƙarƙashi a takarda da kuma a baki ranar da zai sayar, domin ɓoyewa ha'inci ne. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 kuma take cikin ƙaramar hukumar Girei a kan hanyar Mubi, suna da abin koyo mai yawa a irin wannan aiki, su kuma kanikawa suna da abin ƙaruwa daga lissafinsu; misalin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors kafin ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, ya isa shaida cewa zanen mota fage ne da ɗan Arewa zai iya yin nisa a cikinsa.

Motar da za ta hau titin gwamnati sai ta cika sharuɗɗan kowace mota: fitilu, da sigina, da madubai, da ham, da bel, da binciken jami'an VIO, da lamba, da inshora, tare da rasiɗin inji da takardun uwa domin amsa tambayar 'yan sanda ko jami'an hukumar kiyaye haɗurra. Titi kuwa na zuwa da dawowa ne cikin natsuwa. Wasan mota da wasu matasa ke yi a ranakun biki da sallah a tsakiyar jama'a ya sha jawo asarar rayuka a garuruwan Arewa, kuma gadar Jimeta da hanyar Girei zuwa Song, masu ɗauke da ɗalibai da 'yan Keke da manyan motoci da garken shanu, ba wurin gwada gudu ba ne ko da tsakar dare.

Tun da babu filin tsere na kwalta a kusa, tsarin da ya dace shi ne tuƙin gwaninta a keɓaɓɓen fili, inda mota ɗaya ke shiga a lokaci guda ta bi hanyar da aka shata, ana auna lokacinta da agogo. Ana neman fili shimfiɗaɗɗe mai tauri bayan an kawar da amfanin gona, da izinin mai shi da na jauro ko hakimi, tare da sanar da ofishin 'yan sanda, kuma a nisanci burtali da gonakin rani na bakin kogi. Baƙar ƙasar fadama tana tsattsagewa da rani, kuma tsagar tana iya kama taya ta kifar da mota, don haka jar ƙasa mai tsakuwa ta fi. Ana taka filin da ƙafa a cire kututture da duwatsu a kuma lura da gidajen gara, a shata hanyar da tsofaffin tayoyi ko robobi, a yawaita kwana a gajarta miƙaƙƙen wuri ta yadda motar ba za ta wuce giya ta biyu ko ta uku ba, domin ninka gudu sau biyu yana ninka nisan tsayawa sau huɗu. 'Yan kallo suna tsayawa ne bayan igiya, nesa, kuma ba a taɓa barin su a bayan kwana, inda mota ke nufa idan ta ƙwace. Yara za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, saboda haka sai an ware manya masu tsaron igiya. Ana ajiye wata mota a shirye da direbanta, da ma'aikacin jinya, da sanin hanya mafi sauri zuwa asibitin koyarwa na Yola.

Kafin a shiga fili ana duba tayoyi, a karanta lambobi huɗu da ke gefensu, waɗanda biyun farko ke nuna mako biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi su, domin tayar kwatano mai kyawun zane tana iya zama ta bushe. Mai faci ya saba cika kowace taya da iska ɗaya, amma Beetle tana son kimanin 18 a gaba da 27 a baya a ma'aunin da yake amfani da shi, kuma cika na gaba fiye da haka yana sa sitiyari ya yi rawa. Direba yana sa hular kwano mai rufe haɓa, da rufaffen takalmi, da tufafin auduga matsattsu, domin babbar riga da rawani suna iya sarƙewa da feda ko taya a buɗaɗɗiyar mota.

Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin wannan mota yana baya, kuma wannan ne ke tsara yadda ake tuƙa ta. Ana gama taka birki tun motar na miƙe, a shiga kwana a hankali, a riƙe totur daidai a tsakiyarta, a ƙara shi sannu yayin da sitiyari ke warwarewa, ido kuma yana can inda ake son zuwa maimakon kan tayar da ake tsoron bugewa. Sakin totur farat ɗaya a tsakiyar kwana yana mayar da nauyi gaba, baya ya sulluɓe ya juyo, kuma idan juyin ya fi ƙarfin gyara, sai a danne birki da kuloci tare har motar ta tsaya cik. Zagayen farko na kowace rana ana yin su da rabin gudu, a tsaya bayan mintuna goma, a taɓa gangunan birki a ji ko ɗaya ta fi sauran zafi, a sake ɗaure notunan taya, a leƙa ƙarƙashin inji ko akwai ɗigon mai, a bi waldar keji da ido ana neman tsaga. Ana rubuta iskar taya da zafin mai da lokacin kowane zagaye a littafi, ana sauya abu ɗaya kawai tsakanin gwaji da gwaji domin a san abin da ya kawo bambanci, kuma a watannin bazara ana tashi daga fili kafin ƙarfe 11 na safe.